Taswirar Ma'ana da Karatun Yaranmu

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, in yi magana da malaman makaranta da iyayen yara da shugabannin ilmi a kan wata dabarar koyarwa da a ke yi da kwamfuta, wadda ya kamata mu san ta sosai tun ba a kawo mana ita a baibai ba. Ni dai akawu ne, aikina rajista da fayil da amsa wasiƙu, ban taɓa riƙe alli a gaban aji ba. Amma yaron da ya fito daga hannun malami, teburinmu ya ke fara zuwa neman aiki, saboda haka mu ne mu ke fara ɗanɗana abin da aka dafa a makaranta. Wannan ne ya ba ni ƙarfin halin sa baki a maganar da ta fi ƙarfina.

Abin da na daɗe ina gani shi ne, yaro ya kan zo da takardar shaida mai kyau, in ka tambaye shi mene ne bauca, sai ya karanto maka ma'anarta tiryan-tiryan kamar yadda ta ke a littafi. In ka tambaye shi mene ne rasit, nan ma haka. Amma in ka ce masa, to, mene ne tsakanin bauca da rasit da littafin kuɗi, wanne ya ke gaba, wanne ya ke gaskata wanne, sai ya sunkuyar da kai. Ilminsa ya zama kamar takardun da aka zuba cikin kabad, ba lamba, ba fayil. Kowace takarda lafiyayya ce, amma ranar da a ke bukatarta ba mai iya gano ta, gama ba abin da ya haɗa ta da 'yar'uwarta. Mu ma da muka yi makarantar mishan, an hore mu da kyan rubutu da tsabta da kiyaye lokaci, ina kuwa gode wa malamanmu har gobe, amma yawancin darasi malam ne ya ke rubutawa a babban allo, mu kwafa, mu haddace, mu mayar masa ran jarrabawa. Wanda ya gane, ya gane da taimakon kansa. Wanda bai gane ba, shi ma ya kan ci jarrabawa, ba mai sanin bambancinsu sai ranar aiki.

Wannan ciwo ba mu kaɗai ya dama ba. A ƙasar Amurka an yi wani masani, David Ausubel, wanda ya bayyana a littattafansa na 1963 da 1968 cewa koyo iri biyu ne. Akwai na aku, inda a ke ɗaukar kalmomi a ajiye su a ka yadda aka ji su. Akwai kuma koyo mai ma'ana, inda sabon abu ya ke samun wurin kamawa a jikin abin da mutum ya riga ya sani. A ganinsa, wajibi ne malami ya fara bincika abin da ke kan yaro tukuna, sa'an nan ya ɗora masa sabo a kai. To, amma ta yaya za a leƙa kan yaro?

Wani malami a Jami'ar Cornell ta Jihar Niyok, Joseph Novak, shi ne ya sami hanya. Shi da almajiransa sun koya wa yara 191 na aji ɗaya da aji biyu darussan kimiyya, suka ajiye waɗansu 48 da ba a koya musu ba domin a gwada, sa'an nan suka yi ta bin su da tambayoyi har shekara 12, don su ga yadda fahimtarsu ta ke sāke kama. Hirarrakin da suka rubuta suka taru tuli, har ya zama da wuya a gane abin da ya sāke a kan kowane yaro. A cikin 1972 sai suka ƙago dabarar taƙaita hira mai shafuka da yawa a kan shafi guda, watau su ɗebo manyan kalmomin da yaron ya faɗa, su ja layi tsakaninsu, su rubuta a kan layin abin da yaron ya ce ya haɗa su. Wannan zane shi ne na ke kira taswirar ma'ana. Daga baya suka lura cewa in yaro ya zana ta da hannunsa, zanen kansa ya kan zama karatu. A 1984 Novak da abokin aikinsa Bob Gowin suka buga littafi a kanta, daga nan ta bazu duniya.

Domin mai karatu ya ga siffarta, ya tuna da zanen salsalar sarakuna, inda a ke sa kaka a sama, 'ya'ya a ƙarƙashinsa, jikoki a ƙasa. Taswirar ma'ana ma haka ta ke, babbar ma'ana a sama, ƙanana suna saukowa. Bambancin kuwa, a zanen salsala kowane layi abu guda ya ke nufi, watau wane ya haifi wane, don haka ba a bukatar a rubuta kome a kansa. A taswirar ma'ana kowane layi da tasa kalmar, kuma tilas a rubuta ta. Akwati biyu da kalmar da ke tsakaninsu su kan tashi zance cikakke, wanda za a iya cewa gaskiya ne ko kuskure ne. Nan ne ta rabu da wani zane mai kama da ita, wanda wani Bature ɗan Ingila, Tony Buzan, ya yayata tun daga 1974, inda a ke sa kalma guda a tsakiya, rassa su fita ko'ina kamar ƙafafun gizo, galibi ba kalmar haɗi. Wancan yana da amfani wajen tattara tunani, amma ba ya tilasta wa yaro ya faɗi abin da ya ke nufi.

Bari in ba da misali da abin da kowa ya sani. A ce malami ya sa tambaya a bisa allo: me ya sa zazzaɓin cizon sauro ya fi yawa da damina? Tambaya irin wannan ita ce linzamin taswira, gama in babu ita yara su kan watsu. Sa'an nan a jera kalmomi a gefe, Novak ya ce 15 zuwa 25 sun isa: damina, ruwa kwance, macen sauro, ƙwai, tsutsa, ƙwayar cuta, jini, hanta, zazzaɓi, gidan sauro, da sauransu. Yaro ya fara ɗaukowa yana haɗawa. Damina tana tara ruwa kwance. Macen sauro tana zuba ƙwai a ruwa kwance. Ƙwai ya kan ƙyanƙyashe ya zama tsutsa. Macen sauro tana tsotson jini. Macen sauro tana ɗauke da ƙwayar cuta. Ƙwayar cuta tana fara yaɗuwa a hanta, daga nan ta shiga jini. Da ya gama wannan, sai a nemi ya jawo layi daga wani reshe zuwa wani reshe mai nisa, misali daga gidan sauro zuwa jinin mai ciwo, ya rubuta cewa gidan sauro yana hana sauro ɗaukar cuta daga mai ciwo ya kai wa mai lafiya. Yaron da ya ja wannan layi na gicciye da kansa ya gane abin da yawancin manya ba su lura da shi ba, watau gidan sauro yana tsare mai kwana a ciki, yana kuma tsare maƙwabcinsa. Kamar saƙa ne, zaren tsaye kaɗai ba ya zama zane sai na kwance ya ratsa shi.

To, ina kwamfuta ta shigo? Duk wanda ya gwada wannan zane a takarda ya san wahalarsa. Taswira mai kyau ba ta fita a karo na fari, sai an gyara ta sau uku ko fiye, takarda kuwa in aka goge ta sau biyu ta yi baƙi, yaro ya ƙosa, ya bar kuskurensa a inda ya ke don gudun sabon kwafi. Saboda haka a wata cibiyar bincike da ke Pensacola ta Jihar Fulorida, wadda a ke kira IHMC, Alberto Cañas da abokan aikinsa, tare da Novak, suka ƙera manhaja mai suna CmapTools, suka bayar da ita kyauta ga mai so. In ka danna sau biyu a fili sai akwati ya fito, ka rubuta kalma. In ka jawo kibiya daga wannan akwati zuwa wancan, sai alamun tambaya su tsaya a tsakiyar layin, suna jiran ka faɗi abin da ya haɗa su. In ka ɗauke akwati ka kai shi wani gefe, layukansa su kan bi shi, ba abin da ya ɓaci. Ana iya liƙa hoto ko takarda ko wata taswira a jikin akwati. In akwai intanet, yara biyu a garuruwa dabam suna iya aiki a kan taswira guda. Tana kuma iya ajiye tarihin zanen daki-daki, malami ya maimaita shi daga baya, ya ga inda yaro ya fara, da inda ya yi jinkiri, da inda ya sāke shawara. Akwai waɗansu manhajojin masu irin wannan aiki, amma wannan ce aka gina musamman a kan koyarwar Novak.

Ni da idona na ga amfaninta a ajin wani abokina, malamin kimiyya a wata ƙaramar sakandare inda su ke da 'yan kwamfutoci kaɗan masu aiki da hasken rana. Ya raba yara biyar biyar a kan kowace na'ura, ya ba su wannan tambaya ta zazzaɓi. Wani yaro, wanda aka ce yana cikin na gaba a aji, ya jawo layi daga ruwa kwance kai tsaye zuwa zazzaɓi. Alamun tambaya suka tsaya a tsakiya. Ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya rubuta: in an sha. Malam ya tsaya a bayansa, ya ce, "To, sauron fa, ina za ka sa shi?" Yaron ya ce, "Malam, ai shi ne ya ke zuba cutar a ruwan." Wannan yaro ya riga ya ci jarrabawa a kan wannan darasi, gama an tambaye shi hanyar rigakafi, ya rubuta a kawar da ruwa kwance, aka ba shi maki cikakke. Amsarsa daidai, dalilinsa kuwa a karkace, kuma da ba don wannan layi guda ba, da haka zai fita makaranta, wata rana ya tafasa wa ɗansa ruwa ya kwantar da shi ba gidan sauro. Malam bai gaya masa amsa ba. Ya bar 'yan rukuninsa suka yi ta gardama da shi, har wata yarinya ta jawo akwatin jini ta sa a tsakiya. Hausawa sun ce sanin wurin bugu shi ne ƙira. Taswirar ta nuna wa malam wurin bugu.

Kada a ce labarin aji guda na ke dogara da shi. A ƙasarmu ma an gwada wannan dabara da takarda da fensir tun da daɗewa. Peter Okebukola na Jami'ar Jihar Ikko, wanda daga baya ya shugabanci hukumar jami'o'i ta Nijeriya, ya buga bincikensa a 1990, inda ya nuna ɗaliban da suka koyi ilmin gadon halitta da na zaman halittu ta wannan hanya sun fi waɗanda aka koya wa ta hanyar da aka saba. A 2006 kuma John Nesbit da Olusola Adesope a Kanada suka tattara bincike 55 da aka yi a kan mutum 5,818, suka sami cewa a galibi aiki da taswira ya fi sauraron lacca ko karanta shafi kawai wajen riƙe ilmi.

Amma gaskiya ɗaya ba ta hana faɗin ta biyu. A 2011 waɗansu masana biyu na Jami'ar Purdue a Amurka, Jeffrey Karpicke da Janell Blunt, suka yi wani gwaji da ya girgiza masu son taswira. Suka ba ɗalibai wani nassi na kimiyya. Waɗansu suka zana taswira littafi yana buɗe a gabansu. Waɗansu kuwa suka karanta, suka rufe, suka rubuta duk abin da suka iya tunawa, suka sāke dubawa, suka sāke rufewa suka rubuta. Bayan mako guda aka jarraba su, sai masu rufe littafi suka fi masu taswira nesa ba kusa ba, har ma a tambayoyin da ke neman tunani, alhali kuwa su kansu ɗaliban sun zaci akasin haka. A 2014 masanan nan suka sāke gwaji, suka sa a zana taswirar littafi yana rufe, sai ta yi aiki daidai da rubutun tuni.

Jama'a, a nan ne gishirin maganar ya ke. Albarkar taswira tana cikin wahalar da yaro ya sha sa'ad da ya ke tono abu daga kansa, yana neman kalmar da za ta haɗa wannan da wancan. In aka ɗauke masa wannan wahala, an ɗauke karatun. Wannan kuma ya nuna tsohuwar hanyarmu ta rufe littafi a biya da ka ba abar zubarwa ba ce, da tsohuwar zuma a ke magani. Abin da ta rasa shi ne tambayar me ya haɗa su. Taswira kuwa ita ce wannan tambaya. In an gama su biyu, yaro ya sami riƙo, ya sami ganewa.

Saboda haka ina jin tsoron abu uku. Na fari, malamin da zai zauna da dare ya zana kyakkyawar taswira, ya buga ta, ya raba wa yara su haddace. Wannan karatun aku ne aka sa wa babbar riga, har ya fi na dā muni, gama yanzu iyaye za su ga akwatuna da kibiyoyi su ce ci gaba ya zo. Haka kuma yaron da zai sa na'urorin zamani masu amsa tambaya su zana masa, ya kawo wa malam. Na biyu, ado. Manhaja tana da launuka da siffofi iri iri, yaro kuwa in an bar shi sai ya ɓata sa'a guda yana rina akwati, layukansa ba kalma ko ɗaya. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Na uku, a sayo na'urori a jibge a ɗaki, a yi biki a yanka kirtani, ba a koya wa malamai kome ba. A ƙasar Fanama, sa'ad da gwamnati ta shigar da wannan manhaja a makarantun firamare daga 2005, horon malamai aka sa a gaba, domin malamin da shi kansa da hadda ya tashi ba zai iya jan yaro zuwa inda bai taɓa zuwa ba.

Ga 'yar shawarata, in shugabanni za su karɓa daga bakin akawu. Kada makaranta ta ce sai ta sami kwamfuta za ta fara. Novak da almajiransa sun yi shekaru suna wannan aiki da fensir. A yayyanka tsohon kwali ƙanana, a rubuta kalma guda a kan kowane, a baza su a kan tebur ko a daɓen aji, a ja layi da alli. Kwali yana matsawa kamar yadda akwatin kwamfuta ya ke matsawa, ba ya kuwa bukatar lantarki. Ranar da na'ura ta zo, sai ta tarad da yara sun riga sun san aikin, ta ƙara musu sauri da ajiya da haɗin kai da na nesa. A kwalejojin horon malamai kuma a sa kowane ɗalibi ya zana taswirar darasin da zai koyar, a gaban 'yan'uwansa, su yi masa gyara. A bar yaro ya rubuta kalmomin haɗi da harshen da ya ke tunani da shi, gama akwatin ba ya ƙin Hausa, kuma yaron da ya iya cewa yana haddasa, ko yana hana, ko yana ƙaruwa da, a harshen uwarsa, Turancinsa ba zai yi wuya ba. Malami ya riƙa duba layi kafin akwati, ya ba da maki mai yawa ga layin gicciye mai gaskiya. A ajiye taswirar da yaro ya zana a farkon zango, a sa ya zana wata a ƙarshe littafi yana rufe, a jera su biyu a gaban ubansa. Uban da bai yi boko ba ma zai ga bambanci da idonsa, gani kuwa ya kori ji.

Abu na ƙarshe, ina kira ga masu shirya jarrabawa. Yaro da malami duka abin da za a tambaya su ke bi. Muddin takardar jarrabawa ba ta neman kome sai kawo ma'anar kaza, lissafa kaza guda biyar, to, ko an cika kowane aji da kwamfuta hadda za a yi ta yi. In kuwa aka fara tambayar yaya kaza ya ke shafar kaza, malamai da kansu za su nemi wannan dabara ba sai an roƙe su ba.

Yaran nan su ne za su riƙe asibiti da baitulmali da gona da kotu sa'ad da mu muka tsufa. Malamin asibitin da ya haddace sunan magani bai san abin da ya haɗa shi da cuta ba, a jikinmu zai koya. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Ina roƙon malaman da suka taɓa gwada wannan hanya, ko da na'ura ko da kwali, su rubuto wa Edita abin da suka gani, mai daɗi da marar daɗi, domin mu ƙaru da juna, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ni ne naka,
Wani Akawu,
Kaduna.